Yadda na raba kuɗin shago da na aljihu

A shagona na kayan masarufi da ke kasuwar Wunti a Bauchi, kullum lissafi ba ya cika. Ciniki ana yi, riba babu. Ashe duk a asusu ɗaya kuɗin suke shiga, daga nan nake sayen kati da data, da cefanen gida.

Sai na buɗe asusu na biyu don shago kaɗai, na haɗa shi da wani layin waya dabam. Duk wanda ya ce ya tura kuɗi, ba na sakin kaya sai na buɗe manhajar banki na gani da idona, don saƙon alat na bogi ya yi yawa, musamman idan netwok ya tsaya. Da dare kuma ina rubuta bashi a littafi, domin waya na iya ɓata.