Idan An Kama Ɗan'uwanka A Abuja

Daren da aka kama ƙanena a Kubwa, na isa caji ofis hannuna na rawa, ko wayata na kasa riƙewa. Abin da na koya tun daga ranar shi nake faɗa wa kowa.

Ka fara neman ganinsa, ko ta taga ce, ka ce masa ya kama bakinsa. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Kada ya sa hannu, kada ya dangwala yatsa a takardar da bai fahimta ba. A nan mutanenmu suka fi rufta, don tsoro kawai, kuma abin yana ci mini rai, domin takardar nan ce za a karanto masa a gaban alƙali.

Rubuta lokacin da aka kama shi. Dole cikin awa 24 a sanar da shi dalili a rubuce, cikin harshen da yake ji. Idan akwai kotu cikin kilomita 40, kwana ɗaya ne a gurfanar da shi, sai fa laifin da hukuncinsa kisa ne.

Belin 'yan sanda kyauta ne. Haka kuma dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana a kama uwa ko mata a madadin wanda ake nema.

Ba kuɗin lauya? Nufi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Maitama, da takardar kokenka a hannu.