Karen da aka yanke wa ƙafa ya hana gida barci: kurakuran da muke tafkawa

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa abin da ya fi raba kare da ƙafarsa shi ne tarkon ƙarfe a wajen farauta, ko babur ko mota a bakin titi, ko raunin da aka yi sakaci har ya ruɓe. Manyan karnuka da suka fara tsufa kuma akwai kansar ƙashi. To likitan dabbobi ya yi aikinsa, an ɗauko kare an dawo gida, dare na yi sai ya hau kuka, ya miƙe ya kwanta, yana ta haki alhali ba gudu ya yi ba. Daga nan kwamacalar take farawa.

Sai ka ji tsofaffin gida na cewa ai aljanu yake gani, wani ma ya fito da tocila ya ɗau hoge ya jefe shi. Haba jama'a, zafi yake ji wallahi. Da rana hayaniyar yara da kaji da masu shige da fice na ɗauke masa hankali, da daddare kuwa gari ya yi tsit, ga allurar da aka yi masa a asibiti ta sake shi. Akwai ma wani abin mamaki da ke samun mutane ma bayan an yanke musu gaɓa, wato jin zafi a ƙafar da babu ita. Jijiyoyin da aka datse ne suke ci gaba da aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Za ka ga kare yana kwance lafiya lau, kawai ya zabura ya kwarma ihu, ya waiga yana neman wurin da ƙafar take a da. In ka ga haka ka faɗa wa likita yadda ka gani, don irin wannan zafin na jijiya maganinsa daban ne, galibi gabafentin suke bayarwa.

Wani kuskuren da ke kashe karnuka kuwa shi ne zuwa kemis. Mutum ya ga karensa na wahala, tausayi ya kama shi, ya aiki yaro ya siyo ibufurofen ko daikulofenak irin wanda shi yake sha in ya dawo daga gona, ya cusa a loman tuwo ya ba shi. Waɗannan suna cinye cikin kare su haifar da olsa, su kuma lalata ƙoda, alamar ita ce amai da baƙin kashi mai kama da kwalta. Farasitamol ma in ya yi yawa hanta yake taɓawa, ba a bayarwa sai likita ya auna nauyin karen. Ga kuma masu kiwo da ba sa rabo da deksa (wato deksametazon, maganin kumburi) a aljihu, komai ya samu dabba sai deksa. Idan likita ya riga ya ba da maganin rage zafi irin su melosikam ka ƙara deksa a kai, to ka haɗa masa abin da zai huda masa ciki. Wanda likita ya rubuta shi kaɗai za a bayar, bayan ya ci abinci, kuma a kan lokaci, ba wai sai ya fara kuka ba sannan a tashi neman inda aka ajiye ledar magani. Ka tambayi likitan ko za a iya tsara lokutan yadda na ƙarshe zai faɗo bayan isha'i. In kuma da tiramol a ciki, ba sai na faɗa ba, a ɓoye shi inda samarin gida ba za su gani ba.

Sai wurin kwana. Na san ba a shigar da kare ɗaki a wurinmu, ba kuma wanda ya ce a yi hakan, amma barinsa kan dandaryar siminti a tsakar gida lokacin hunturu zalunci ne, ga sanyi ga santsi. Zaure ko ɗakin ajiya ya isa, a shimfiɗa tsohuwar katifa ko buhuna da tsummoki. Kar a ɗaure shi da guntuwar sarƙa, juyi yake buƙata ya samu ɓangaren da zai iya kwanciya. Wani kukan ma ba na ciwo ba ne, fitsari ne ya matse shi kuma ya kasa tashi. Kafin ku kwanta a zura tsohon zani ta ƙarƙashin cikinsa, a riƙe bakin biyu a tallafe shi ya fita ya yi. Wanda aka cire wa ƙafar gaba ya fi shan wuya, don kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin kare a ƙafafun gaba yake. A kuma hana yara tsokanarsa, kare mai ciwo ko ubangidansa yana iya cizo.

Batun ɗinki kuma, don Allah a daina shafa baƙin mai da toka da kashin shanu. Haka maganar cewa yawun kare magani ne a bar shi ya lasa, cikin dare ɗaya zai iya warware ɗinkin tas. A samu ƙaramin bokitin roba a yanke gindinsa, a naɗe bakin da tsumma kar ya yanke shi, a zura masa a wuya a ɗaure da abin wuyansa. Zai yi ta fushi kwana biyu, ya saba. Da rana a kula da ƙuda, in suka yi ƙwai a wurin tsutsa ce za ta biyo baya.

Yawanci tsakanin kwana 10 zuwa 14 ake cire zare. Kafin nan in ka ji wari, ko ka ga mugunya, ko wurin ya kumbura ya yi zafi, ko ya ƙi abinci kwana guda cur, a koma asibiti, kar a ce sai ranar kasuwa. Su kuma 'yan farauta masu ɗokin ganin ko zai iya bin zomo da ƙafa uku, zai iya gudu daga baya, amma a jira sai likita ya duba ya ce wurin ya haɗe.