Kurakuran da aka fi yi wajen kammala bargon ado na rinannen yadi

Bargon ado, wato wanda ake haɗawa da ƙyallaye domin ratayewa a bango, hawa uku gare shi: fuska, da audugar tsakiya, da shafi a baya. A nan Zariya, inda ɗinkin hannu ya zauna da gindinsa tun kaka da kakanni, ba a cika samun matsala wajen ƙawata fuskar ba. Ɓarnar ta fi aukuwa a makon ƙarshe, lokacin da mai aiki ya ƙosa ya ga abinsa a rataye.

Babban kuskure shi ne haɗa ƙyallaye kafin a tabbatar sun daina zuba. Shuni ba ya kama zare kamar sauran rini. Yadin yana fitowa daga marina kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi, kuma rarar da ba ta shiga zare ba tana nan kwance a sama tana jiran jiƙa. Wanda aka yi wa bugu ya fi kowanne zuba, domin ana ƙara masa garin shuni don ya yi ƙyalli. Na taɓa ganin aikin wata ɗaliba a Samaru wanda farar tattabarar da ke tsakiyarsa ta koma ruwan toka a wanki ɗaya, bayan ta kwashe watanni tana ɗinki. Mutane da yawa sun yarda cewa gishiri yana tsayar da zuba, amma a kan shuni ba ya yin komai. Abin yi shi ne a wanke kowane launi shi kaɗai, a yi ta ɗauraya har ruwan ya fito garau, sannan a goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kai, in ya ɗauki launi a sake komawa wanki. Wannan wankin yana kuma sa yadin auduga ya gama tsukewarsa tun kafin almakashi ya taɓa shi.

Idan an riga an haɗa sannan zubar ta bayyana, kada a shanya kuma kada a sa dutsen guga. A jiƙa bargon gaba ɗaya cikin ruwa mai yawa da ɗan sabulu mara bilic, a riƙa canja ruwan har tabon ya saki.

Sai batun baki. Masu gaggawa sukan auna gefen bargon su yanka abin kalmasa, wato siririn ƙyallen da ake rufe bakin bargon da shi, daidai da wannan awon, alhali gefe ya riga ya miƙe saboda ja da riƙo, shi ya sa ake ganin baki yana lanƙwashe-lanƙwashe a bango. Awon da za a dogara da shi na tsakiya ne. Kafin a datse bakin, a shimfiɗa aikin a ƙasa mai bai ɗaya, a ja tef daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta ta ɓangarorin biyu. Idan awon bai zo ɗaya ba, bargon a karkace yake. Faɗin inci 2 da rabi ya isa abin kalmasa, a ninka shi biyu, kuma kada a ja shi yayin da keke ke tafiya. Ni dai na fi son a rufe bayan da allurar hannu, domin layin keke yana fitowa a fuska ya ɓata tsari.

Wajen guga ma, ɗora dutse ake yi a ɗaga, ba a jansa.

Rataya da ƙusoshi biyu a kusurwa tana sa tsakiya ta zazzago. A ɗinka dogon aljihu mai faɗin inci 4 a saman baya, a zura sanda, nauyin ya rabu daidai. A guji bangon da rana ke duka ta taga, domin rini yana koɗewa. Da hunturu a riƙa kakkaɓe ƙura a hankali maimakon yawan wanki, da damina kuma, musamman a watan Agusta, kada a ƙulle shi cikin leda, a naɗe shi a farin zanen auduga.