Shawara ga masu ƙananan motoci masu gudu

'Yan uwa, injin ƙaramar mota mai turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin injin) ba ya jure wasa da baƙin mai, domin turbo yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma man ne ke sanyaya shi. A nan Maraɗi, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, mai yana saurin tsinkewa, ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, fetur ɗin kwalba kuwa wani lokaci da ruwa ko datti yake zuwa.

Ku riƙa duba hayaƙin salansa da safe. Shuɗi yana nufin injin na cin baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa kuma ruwa ne ke shiga injin. Idan kun zaro sandar gwajin mai kuka ga ya koma kamar shayi da madara, kada ku ƙara tafiya. A ganina, ƙarar ƙwas-ƙwas daga ƙasan injin ta fi kowace alama muni. Idan fitilar baƙin mai ta kama tare da ita, ku kashe injin nan take.

In kun dawo daga Damagaram a guje, ku bar injin yana aiki minti 2 kafin ku kashe, domin turbo ya huce.