Ga ɗan jarida mai shirin komawa hulɗa da jama'a a harkar kiwon kifi

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda zai bar ɗakin labarai ya zama kakakin gonar kifi ko kamfanin abincin kifi, kafin ya rubuta sanarwa ko ɗaya, ya je bakin tafki ya zauna da masu kiwon. Ya san bambancin tarwada da karfasa, ya san cewa abinci ne ke cinye mafi yawan kuɗin mai kiwo, kuma tarwada kan ɗauki kusan wata 6 kafin ta isa kasuwa. Cibiyar binciken kifi ta New Bussa wuri ne na neman bayani.

Ka yi rajista da NIPR, wato cibiyar ƙwararrun masu aikin hulɗa da jama'a ta Najeriya. Wata doka ta shekarar 1990 ta wajabta hakan a Najeriya, kodayake da yawa suna yin biris.

Inda aikin yake da wuya shi ne ranar da kifi ya mutu da yawa, ko maƙwabta suka koka da warin ruwan da gona ke zubarwa. Tsofaffin abokan aikinka za su kira, sun kuma san salon kauce-kauce. Faɗi abin da ya faru da matakin da aka ɗauka. Kuma daga ranar da ka karɓi albashin kamfani, daina aika wa tsohuwar jaridarka rahoto a kansa da sunan wakili.