Yadda ake haɗa ruwan tonik da lemon tsami ba tare da barasa ba

Turawan Ingila da suka zauna a Indiya a ƙarni na 19 ne suka saba haɗa tonik, wato ruwan sha mai kumfa da ke ɗauke da maganin kwinin, da wata barasa da ake kira jin, domin rage ɗacin kwinin da suke sha saboda zazzaɓin cizon sauro. A Zamfara, inda doka ta hana sayar da barasa, ana iya samun makamancin wannan ɗanɗano ba tare da ita ba.

Da farko, a sanya kwalbar tonik a firji har ta yi sanyi sosai, domin mai ɗumi yana saurin rasa kumfarsa, musamman a zafin bazarar Gusau. Sannan a cika dogon kofin gilashi da ƙanƙara har baki, saboda idan ta yi kaɗan, nan da nan za ta narke ta tsinka abin shan.

A matse rabin lemon tsami a ciki, a tsame 'ya'yansa. Mai son ɗan yaji ya ƙara ƙaramin cokali ɗaya na tataccen ruwan ɗanyar citta, wanda a ganina ya fi sukari amfani, tunda tonik yana da nasa zaƙin.

Daga nan a karkata kofin, a zuba tonik kimanin mililita 150 a hankali ta gefensa. A juya da cokali sau ɗaya kawai, a ɗora yankan lemon tsami a kai, a sha nan take.