Yadda za ka koya wa ɗalibi duba majinyaci da gano ciwo a bakin gado

Wannan rubutun na abokan aiki ne da ake turo wa ɗalibai su yi firaktikal a hannunsu, nas-nas masu ƙaro karatu ne, ungozoma ne, ko CHO da CHEW, wato ma'aikatan lafiya na matakin farko, daga kwalejin jinya ta nan Gombe suka zo ko daga ta kiwon lafiya ta Kaltungo. Abin da yawancinmu muke yi kam mun san shi, ɗalibi ya riƙe folda yana bin bayanka har a gama rawun, wato zagayen duba majinyata, ka aike shi ya karɓo rizal, ranar ƙarshe ka sa masa hannu a littafi ya tafi. Ni ma na yi shekaru ina yin haka, ban fara jin kunyar abin ba sai da na je wani ƙaramin asibitin ƙauye na tarar da yaron da ya wuce ta hannuna shi kaɗai ne a wurin, ba likita ba sikanin ba hoto, jama'a sun yi layi suna ce masa dakta, kuma bai iya laluben saifa ba. Ni ne ban taɓa tsayawa na ga hannunsa a cikin mutum ba. Wanda zai zauna a wajen Dukku ko Nafada ko Shongom, idonsa da hannunsa da kunnensa su ne lab ɗinsa kafin mota ta kawo mara lafiya Gombe, toh dole sai ka tsaya ka kalle shi yana yi.

Fara da tambaya, kar ka yarda ya fara da abin sauraron ƙirji, don ɗalibai suna son rataya shi a wuya kamar layar tsari. A 1975 wasu likitoci a Ingila, Hampton da abokansa, sun bi marasa lafiya 80 suka ga a cikin 66 tun daga labarin da mutum ya bayar aka gano ciwon, kafin a taɓa shi ko a ɗebi jini. Amma labarin namu da Hausa yake zuwa, kuma Hausar asibiti tarko ce. Baba zai ce shawara ke damunsa, ɗalibi ya rubuta idonsa ya yi rawaya, alhali shi Baba kasala yake nufi da rashin cin abinci da fitsari mai duhu. Sanyi kuwa kowa da nasa, na gaɓoɓi, na mara, na ƙirji. Basir ma haka, wani zubar jini yake nufi wani kumburin ciki wani ma raunin gaba ne yake zagayewa. Ciwon zuciya na iya zama ƙwannafi, na iya zama baƙin cikin kishiya. Ka koya masa duk sunan ciwon da aka ba shi ya mayar da tambaya: "Inna, shi sanyin yaya yake miki? A ina? Nuna min da yatsa ɗaya." Kuma ya yi shiru ya bari ta gama, wallahi wannan shirun ya fi komai wahalar koyarwa, minti ɗaya kawai amma sai ka ga ya katse ta. Ya tambayi me aka sha kafin a zo, na kemis da jiƙo da sassaƙe duka, ba da faɗa ba, in ya ɗaure fuska za a ce masa ba a sha komai ba. In maigida ne ke amsawa a madadin matarsa, cikin ladabi a ce "Alhaji ɗan ba mu wuri kaɗan", a bar mace ma'aikaciya a ɗakin. Sannan mutanenmu na ruga, an san su da dauriya, mutum cikinsa na neman fashewa zai ce da sauƙi, shi ya sa nake ce wa ɗalibi lokacin da kake danna ciki fuskar za ka kalla ba hannunka ba.

Aikin hannu kuwa ga yadda nake yi, tsari ne mai hawa huɗu da ake jingina wa Peyton, wani likitan fiɗa. Da farko ka yi abin gabaɗaya da saurinka na kullum ba ka cewa komai, ya ga yadda yake in an iya. Sai ka sake yi a hankali kana faɗin kowane motsi da dalilinsa. Na uku shi ne wanda kowa ke tsallakewa kuma shi ne mai amfanin, kai kake yi amma shi ke faɗa maka abin da za ka yi, in ya ce danna nan ka danna nan ko da ba daidai ba ne, sai ya gani da idonsa. Na huɗu ya yi da hannunsa yana faɗa, kai kuma ka naɗe hannu a baya. Da wuya fa, hannunka zai riƙa ƙaiƙayi ka karɓe, ka daure in dai ba zai cutar da mutum ba.

Jerin kuma kullum ɗaya ne: kallo, taɓawa, ƙwanƙwasawa, saurare. Wajen duba ciki ne kawai ake saurare kafin a danna. Ya wanke hannu, ya murza shi ya yi ɗumi in lokacin hunturu ne, ya tsaya a daman majinyaci, ya fara daga inda babu ciwo ya ƙare a inda ciwon yake. Saifa daga ƙasan ciki ta dama ake fara nemanta ana hawa zuwa ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, mutum na jan numfashi, saboda in ta kumbura sosai can take gangarowa, wanda ya fara daga sama zai ɗora hannu a kanta bai ji bakinta ba ya ce lafiya lau. Ƙwanƙwasawa kuwa ni da jarka nake koyarwa, a zuba ruwa rabi, ɗalibi ya rufe ido ya nemo inda ruwan ya tsaya da yatsa. Asalin dabarar ma kusan haka ne, Auenbrugger da ya rubuta ta a 1761 ɗan mai masauki ne a Ostiriya, ana cewa daga yadda ake buga ganga don a san abin da ya rage a ciki ya ɗauko. Duk wanda ya taɓa zaɓen kankana a kasuwa ya riga ya san rabin abin. Kuma su fara da junansu, ya saurari ƙirjin lafiyayyu da yawa tukuna, wanda bai san lafiyayyen huhu ba me zai gane a mara lafiya.

Wani abu da littattafan ba za su taimake shi ba shi ne fata. Hotunan da ke cikinsu yawanci na Turawa ne, "ya yi ja" "ya yi fari" duk ba haka suke fitowa a jikinmu ba. Ƙarancin jini a cikin fatar ido ta ƙasa ake dubawa da harshe da tafin hannu, in ta sha lalle tafin ya tashi aiki, in Baba ya ci goro bakin ma sai a yi hankali. Rawayar ido a hasken rana ake gani, ka ja shi bakin taga, fitilar waya za ta yaudare ku. Ƙurajen ƙyanda sau da yawa hannu ke fara jin su kafin ido. Ƙarancin iska a harshe da cikin leɓe.

Yanzu lambobi, nan ne ake yawan ha'inci. Na taɓa ɗaukar takardar awo a wani wod na ga kowa numfashinsa 20, tsoho da yaro da mai haki duk 20, na kira ɗalibar ta ce ai haka ta ga ana rubutawa. Ban yi mata faɗa ba don gaskiya ta faɗa. Ka ba shi agogo ya ƙirga minti ɗaya cur, yaro na kwance a jikin uwarsa ba yana kuka ba. Ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko sama da haka sauri ne. Daga wata 2 zuwa 12, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. A ɗaga riga a ga ko ƙasan ƙirji na shigewa ciki in ya ja iska. Tef ɗin awon dantse ƙasa da santimita 11.5 ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 tamowa ce mai tsanani, haka in ka danna bayan ƙafafu biyu na daƙiƙa 3 ramin ya zauna. Awon hawan jini mutum ya zauna ya huta minti 5, hannu daidai da zuciya, kuma maɗaurin ya dace da dantsen, ƙarami a babban hannu zai ba ka hawan jinin ƙarya. Mai ciki da ta wuce sati 20 in ta kai 140/90 a duba furotin a fitsarinta, in ta kai 160/110 ko tana ciwon kai da ganin dishi-dishi ba a ce ta dawo mako mai zuwa, jijjiga ce a bakin ƙofa. Duk awon da ɗalibi ya yi, kai kuma ka yi naka a ɓoye ku haɗa, in kun bambanta a sake.

Gano ciwon kansa, wato haɗa labari da abin da hannu ya ji, shi ma ana koyar da shi, ba baiwa ba ce. Kuskuren malamai shi ne ɗalibi na gama bayani sai mu faɗi amsa. A'a, ka ce "Toh kai me kake zato?" ka yi shiru. Zai ce "Malam sai abin da ka gani", kar ka yarda, sai ya tsaya a kan abu ɗaya ko da kuskure ne. Sai ka ce me ka gani da ya sa ka faɗi haka, sai me kuma zai iya zama, sai tambayar da na fi so: a cikinsu wanne ne zai iya kashe shi kafin gobe, kuma me ka yi ka tabbatar ba shi ba ne. Minti uku ya isa, a tsaye ma ana yi.

Babban abokin gabarka a nan maleriya da taifod ne, ba cutar ba, sunan. Duk zazzaɓi a bakin ɗalibi maleriya ne, in bai sauka ba ya zama taifod, shikenan tunani ya ƙare. Ka nuna masa gwajin maleriya na iya nuna akwai kuma yaron na da sanƙarau a lokaci guda, musamman daga hunturu zuwa bazara kafin ruwa ya sauka, don haka duk mai zazzaɓi da ciwon kai a lanƙwasa wuya a ga ko ya sanƙare, jariri kuma a shafa maɗiga ko ta kumbura. Zazzaɓin da aka sha maganin maleriya da antibayotik bai sauka ba, ga ciwon maƙogwaro, ya tuna da Lassa, maƙwabciyarmu Bauchi tana cikin jihohin da suka fi fama da ita tare da Ondo da Edo, kuma ma'aikatan lafiya na cikin waɗanda take kamawa, ya sa safar hannu ya keɓe mutum ya sanar da na sama, ba ya jira sai ya ga jini ba don da yawa ba sa zubar da jinin. Wanda aka kawo a sume a auna suga kafin a fara dogon lissafi. Saran maciji kuwa mu nan kudancin Gombe ba baƙon abu ba ne, kububuwa ce ta sa Kaltungo ke da asibitin saran maciji. Kowane ɗalibi ya yi gwajin daskarewar jini da hannunsa: jini kamar mil 2 a kwalbar gilas mai tsabta busasshiya, ba roba ba, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, a karkata, in yana gudu kamar ruwa dafi ya shiga jini, maganin dafi ake nema da gaggawa. Ya kuma duba dasashi ko yana tsattsafo jini, ya hana tsaga wurin da ɗaure ƙafa tamau.

Gyara kuma kar ka yi shi a gaban majinyaci. In ka ce "kai wane irin jaki ne" a bakin gado, mutum biyu ka rasa, ɗalibin ba zai ƙara faɗin zatonsa ba, Baba kuma ba zai ƙara bari ya taɓa shi ba. Ku fita baranda, ka faɗi abu ɗaya takamaimai da ya yi daidai, abu ɗaya da zai gyara gobe, ɗaya fa ba goma ba. Shi ma mara lafiya a nemi izininsa tun farko, "Baba ga ɗalibina, zai duba ka ina tsaye, ka yarda?", a ja labule, a buɗe inda ake dubawa kawai, in ya ce a'a a haƙura a nemi wani. Kar mutum takwas su danna ciki ɗaya don an samu hanta mai kumburi, biyu sun isa, sauran gobe.

Kafin su tafi ka yi musu ƙaramar oski, irin jarabawar tasha-tasha da Harden ya fito da ita a Dundee a 1975, ba sai da kayan tsada ba. Benci huɗu ko biyar, kowane minti biyar, nan awon hawan jini, nan duba ciki a jikin wani ɗalibi, nan wata nas ta zama uwa mai yaro da tari ya ɗauki labari, nan a ba shi takardar awo ya ce zai riƙe ko zai tura Gombe kuma me zai rubuta a takardar turawar. Ka rubuta matakan da kake so ka gani tun kafin a fara don kar son kai ya shigo. Littafinsu kuma layin da ba ka ga ya yi ba ka bar shi babu sa hannu, zai yi ta maka magiya "Malam don Allah gobe za mu miƙa", ka ce ya zo ƙarfe bakwai na safe kafin rawun ku nemi mai saifa ya yi a gabanka.